Yadda ake hana Word adana gyaran da ba ka so, ba tare da ka yi asarar aikinka ba

Duk wanda ya daɗe yana buga takardu a kwamfuta ya san wannan dabarar: in za a rubuta sabuwar wasiƙa, ba a farawa daga farar takarda. Sai a buɗe ta watan jiya, a canza suna, a canza kwanan wata, a goge sakin layi biyu a sa wasu, sannan a je Save As a ba ta sabon suna. Tsohuwar tana nan yadda take, sabuwa kuma ta samu. Haka sakatarori da malaman makaranta da masu shagon buga takardu suka yi shekaru suna aiki, kuma babu laifi a ciki.

Abin da ya canza shi ne, tun wajen 2017 kamfanin Microsoft ya ƙara wa Word wani ɗan makunni a saman allo ta hagu, mai suna AutoSave. In yana kunne, duk harafin da ka taɓa, cikin 'yan daƙiƙoƙi an rubuta shi a kan ainihin fayil ɗin. Kafin ka kai ga ba shi sabon suna, wasiƙar watan jiya ta riga ta tafi. Sunanta ne kawai ya rage, da sabon rubutu a ciki.

Wanda hakan ta faru da shi, haushi kan sa ya shiga saiti ya cire alama daga duk wani akwati da ya ga an rubuta Auto a jikinsa. Bayan kwana biyu a ɗauke wuta yana tsakiyar babi na uku, ya kunna kwamfuta ya tarar babu komai. Garin neman gira an rasa ido ke nan. Abin da nake so in hana shi ne wannan, domin abubuwan biyu ne daban, kuma ɗaya ne kawai yake yi maka ɓarna.

Fara da sanin wanne ne yake damunka

AutoSave yana rubutu ne kai tsaye a kan fayil ɗinka na ainihi. Ba ya aiki sai in fayil ɗin yana zaune a ma'ajiyar intanet ta Microsoft, wato OneDrive ko SharePoint, kuma sai a sababbin Word, musamman na masu biyan kuɗin Microsoft 365. Shi ne mai share tsohon rubutu.

AutoRecover kuwa tsohon abu ne, yana cikin Word tun da daɗewa. Ba ya taɓa fayil ɗinka. Abin da yake yi shi ne, duk bayan minti 10 sai ya ajiye wani kwafi a gefe, a wata ɓoyayyiyar folda, da suna mai ƙarewa da .asd. In wuta ta ɗauke ko kwamfuta ta maƙale, da ka sake buɗe Word zai nuna maka wannan kwafin a gefen hagu ya tambaye ka ko kana so. In ka rufe takarda lafiya bayan ka adana, sai ya goge kwafin da kansa. A ƙasar da wuta ke zuwa ta tafi ba sallama, da laftof masu mataccen batir, kashe wannan ganganci ne.

To, ɗaga ido ka dubi saman allo ta hagu. In ka ga kalmar AutoSave da makunni a gefenta, Word ɗinka yana da shi. In Word 2007 ne a kwamfutarka, ko 2010, ko 2013, ko 2016, irin waɗanda har yanzu suka cika ofisoshi da shaguna, babu shi sam, kuma rabin wannan bayani bai shafe ka ba. Tsallaka zuwa maganar AutoRecover. In kuma makunnin yana nan amma yana kan Off, mai yiwuwa fayil ɗin a cikin kwamfuta yake ko a filashi, ko kuma tsohon nau'i ne mai ƙarewa da .doc, wanda AutoSave ba ya aiki da shi.

Akwai tarko ɗaya a nan da ke kama mutane da yawa. Mutum zai rantse bai taɓa sa komai a OneDrive ba, a Documents yake ajiye kayansa. Amma sabuwar Windows, in an shiga ta da asusun Microsoft, takan ɗauki foldar Desktop da Documents da Pictures ta haɗa su da OneDrive, wani lokaci da dannawa ɗaya da mutum ya yi bai karanta ba. Daga ranar, duk abin da ke Documents yana intanet, kuma AutoSave zai kunna kansa a kai. In kana so ka tabbatar, buɗe takardar, ka danna File, sannan Info. A ƙarƙashin sunan fayil za ka ga inda yake zaune. In ka ga OneDrive a cikin adireshin, to ka san inda matsalar ta fito.

Kashe shi a fayil ɗaya

Wannan shi ne mafi sauƙi. Da ka buɗe takardar, kafin ka taɓa ko da waƙafi ɗaya, danna makunnin AutoSave ya koma Off. Word zai riƙe wannan zaɓin ga wannan fayil ɗin, duk ranar da ka sake buɗe shi zai zo a kashe. Daga nan komai ya koma yadda ka saba: sai ka danna Ctrl da S kafin a adana, in kuma ka zo rufewa ba ka adana ba, zai tambaye ka.

Sai dai ka lura da abu biyu. Kashe makunnin ba ya dawo da abin da aka riga aka adana. In ka yi gyara na minti biyar sannan ka tuna, gyaran nan ya shiga. Sannan zaɓin naka ne kai kaɗai. In takardar ta haɗin gwiwa ce, abokin aikinka da ya buɗe ta a kwamfutarsa nasa makunnin yana kunne.

Kashe shi gaba ɗaya

In aikinka na yau da kullum shi ne juya tsofaffin takardu su zama sababbi, kamar takardar shaidar aiki, takardar yarjejeniyar haya, jarrabawar zangon da ya wuce, ko katin gayyatar ɗaurin aure, ni a ganina kashe shi gaba ɗaya ya fi maka. Bin fayil ɗaya bayan ɗaya ana kashewa yana buƙatar tunawa kullum, kuma ranar da aiki ya yi yawa ita ce ranar da za a manta.

1. Buɗe Word, ka danna File, ka sauka can ƙasa ka danna Options. In allon ƙarami ne, wani lokaci yana ɓoye a ƙarƙashin More.
2. A jerin da ke hagu, zaɓi Save.
3. Akwatin farko a sama shi ne wanda ake nema. A sababbin Word an rubuta "AutoSave files stored in the Cloud by default in Word". A na baya kaɗan kuma an ambaci OneDrive da SharePoint da sunansu. Cire alamar da ke ciki.
4. Kada ka taɓa akwatin da ke maganar AutoRecover a ƙasansa. Za mu dawo kansa.
5. Sauka kaɗan ka sa alama a "Save to Computer by default". A ƙarƙashinsa akwai wurin zaɓar folda. Danna Browse ka nuna masa wadda ba ta cikin OneDrive. Abin da ya fi tabbas shi ne ka ƙirƙiri sabuwar folda kai tsaye a cikin C, ko a D in kwamfutar tana da shi, ka sa mata suna kamar Takardu.
6. Danna OK, ka rufe Word gaba ɗaya, ka sake buɗewa.

A 2025 Microsoft ya sanar da cewa sababbin takardu a Word na Windows za su riƙa tafiya ma'ajiyar intanet kai tsaye tun daga harafin farko, da kwanan wata a matsayin sunansu, kafin ma mutum ya zaɓi inda zai ajiye. In Word ɗinka ya karɓi wannan sauyin, a wannan shafin na Save za ka ga akwati mai cewa "Create new files in the cloud automatically". Shi ma cire masa alama in ba ka so. Ban ga dalilin da zai sa rubutun da mutum bai gama tunaninsa ba ya bar kwamfutarsa ba tare da an tambaye shi ba.

Saitin nan na Word ne kawai. Excel da PowerPoint kowanne yana da nasa a wuri iri ɗaya, sai ka shiga kowanne ka maimaita. Na Excel ma ya fi muhimmanci, domin mutum kan buɗe lissafin albashi ko sakamakon ɗalibai ya canza lamba don ya ga me zai fito, ba da niyyar ta zauna ba. Haka kuma duk fayil ɗin da ka taɓa kunna masa makunnin da hannunka, zai ci gaba da zuwa a kunne, sai ka kashe shi a can. In kuwa kwamfutar ofis ce ka tarar akwatin ya dushe ba ya dannuwa, masu kula da kwamfutocin wurin ne suka kulle shi, su za ka yi wa magana.

Yanzu ka ƙarfafa AutoRecover

Da ka kashe AutoSave, nauyin adanawa ya dawo wuyanka, don haka mai tsaron bayanka dole ya zama a farke. Koma shafin nan na File, Options, Save.

Tabbatar akwai alama a "Save AutoRecover information every". Lambar da ke gabansa 10 ce in ba a taɓa ba, kuma tana karɓar daga minti 1 zuwa 120. Mai saurin bugu yana iya cika shafi guda cikin minti 10, saboda haka ina ba da shawarar a mayar da ita 3, ko 5. Kwamfutar tebur da ke kan janareto ba tare da batirin tsaro ba, a sa mata 2 ma bai yi yawa ba. Akwatin da ke ƙasansa, mai farawa da "Keep the last", shi ma a bar shi da alama. Shi ne ke ceton wanda ya danna Don't Save bisa kuskure.

Wasu abin da ke damunsu ba share rubutu ba ne, tsayawar da kwamfuta ke yi ne duk lokacin da ake wannan ajiya ta gefe. Ana cikin bugu sai allo ya daskare na 'yan daƙiƙoƙi. Yawanci wannan na faruwa ne a babban fayil mai hotuna da yawa a kan tsohuwar kwamfuta, irin furojet mai shafi ɗari da hotunan da aka ɗauko daga waya ba a rage musu nauyi ba. Maganinsa ba kashewa ba ne. Je Options, Advanced, ka sauka zuwa sashen Save, ka tabbatar "Allow background saves" yana da alama. Sannan danna kowane hoto, ka nemi Compress Pictures a ƙarƙashin Picture Format, ka rage nauyin hotunan duka. In har yanzu yana tsayawa, raba aikin babi-babi, kowanne da fayil ɗinsa, a haɗe su a ƙarshe. Sai in duk wannan bai yi ba ne za ka ƙara tazarar zuwa minti 15.

A wannan sashen na Advanced akwai wani akwati da mutane ƙalilan suka sani, "Always create backup copy". In ka sa masa alama, duk lokacin da ka adana, Word zai ajiye yadda takardar take kafin wannan adanawar, a folda ɗaya, da suna mai farawa da "Backup of" mai ƙarewa da .wbk. Taki ɗaya kawai yake komawa baya, in ka adana sau biyu ta farkon ta tafi. Duk da haka, ga fayil ɗin da ke cikin kwamfuta wanda ba shi da tarihin tsofaffin sigogi irin wanda OneDrive ke ajiyewa, takin nan ɗaya yana da daraja. Foldarka za ta cika da fayiloli ninki biyu, amma takardun rubutu ba su da nauyi.

In ka rufe sabuwar takarda ba ka taɓa adana ta ba: File, Info, Manage Document, Recover Unsaved Documents. Kwana 4 Word yake riƙe irin waɗannan, don haka kada a jinkirta.

In ɓarnar ta riga ta faru

Ka lura kana rubutu a kan takarda ta ainihi, makunni kuma yana kunne. Kada ka rufe ta. Muddin tana buɗe, Ctrl da Z yana aiki yadda ya saba, kuma duk abin da ka warware shi ma AutoSave zai adana shi. In gyaran kaɗan ne, ci gaba da dannawa har ta koma yadda ka same ta. Da zarar ka rufe, wannan hanyar ta toshe.

In gyaran yana da yawa kuma kana son duka biyun, tsohuwa da sabuwa, ga yadda za ka yi. Fara da tsirar da sabon aikin: danna File, za ka ga inda Save As yake a da an rubuta Save a Copy, domin haka Word ke sauya sunan in AutoSave yana kunne. Ba wa kwafin sabon suna. Sannan ka buɗe ainihin fayil ɗin, ka dubi sunan da ke saman allo ka tabbatar shi ne ba kwafin ba. Danna File, Info, Version History. A gefen dama jerin zai fito, kowane layi da rana da lokaci da sunan wanda ya yi gyaran. Zaɓi wanda lokacinsa ya gabaci shigarka ta yau, ka buɗe shi, ka karanta sosai don ka tabbatar shi ne, sannan ka danna Restore. Wanda aka ture ba ya ɓacewa, yana komawa cikin jerin ne, don haka in ka zaɓi wanda ba shi ba kana iya sakewa.

Wannan tarihin yana da iyaka. A asusun OneDrive na mutum ɗaya, sigogi 25 na baya-bayan nan ake iya dawowa da su. A asusun ofis ko makaranta kuwa, ya danganta da yadda masu kula suka saita. Ma'ana, takardar da ake taɓawa kullum, in an yi wata biyu kafin a gane an share wani sashe, ba lallai a same shi ba. Shi ya sa duk aikin da ya kai wani mataki, kamar babin da malami ya duba ya amince, ya kamata a yi masa kwafi daban da kwanan wata a jikin sunan, a ajiye a filashi ko a tura wa kai ta imel.

Kare takardun da ake yawan juyawa

Saiti yana taimakawa, amma abin da ya fi shi ƙarfi shi ne sauya tsarin aiki: a yi kwafi tukuna, sannan a fara gyara. Ba sai ka buɗe Word ba ma. A cikin folda, danna fayil ɗin sau ɗaya, Ctrl da C, Ctrl da V, ka sauya wa kwafin suna, shi za ka buɗe. Wanda ya saba da wannan, ko AutoSave yana kunne ko yana kashe, ko a kwamfutarsa yake ko a ta aro, ba abin da zai same shi.

Ga takardun da ake amfani da su kowane mako kuwa, akwai hanyar da ta fi. Buɗe takardar, ka goge sunaye da ranaku ka bar gurabensu, ka je Save As, a wurin zaɓar nau'in fayil ka ɗauki Word Template, mai ƙarewa da .dotx. Amfaninsa shi ne, duk lokacin da ka danna shi sau biyu, ba shi ne zai buɗe ba, sabuwar takarda marar suna ce za ta fito da duk abin da ke cikinsa. In ta haka ake buɗe shi, babu yadda za a yi a rubuta a kansa bisa kuskure. Takarda mai kan ofis, fom ɗin ɗaukar ɗalibai, rasit, duk sun cancanci wannan. Rabin awa ya isa a mayar da takardun ofis guda haka, kuma sabon ma'aikacin da bai san komai ba ma da wuya ya lalata su.

Takardar da aka gama, wadda karantawa kawai za a riƙa yi, sai a je File, Info, Protect Document, a zaɓi Always Open Read-Only. Duk wanda ya buɗe ta, Word zai nemi ya buɗe don karatu kawai. Ba kulle ba ne na gaske, mai niyyar gyara zai iya wucewa, amma yana tare hannun da ya zame. In kuma gyara za ka yi a takardar wani, kunna Track Changes da Ctrl, Shift da E. Ko an adana, kowane gyara yana nan da alamarsa, mai takarda zai iya karɓa ko ya ƙi.

Wani ƙaramin abu da ke rikita masu tsofaffin wasiƙu: in lokacin sa kwanan wata an bar alama a "Update automatically", ranar za ta riƙa sauyawa zuwa ta yau duk lokacin da aka buɗe wasiƙar. Wasiƙar bara sai ta fito da kwanan watan yau. Danna kan ranar, ka danna Ctrl, Shift da F9, za ta zama rubutu tsayayye. Ka gyara ta zuwa ranar gaskiya kafin ka adana.

Maganar data

Wanda ke jona laftof da intanet ɗin wayarsa yana da wani dalili na daban na ƙin wannan tsari. Takardar rubutu zalla ba ta cin data sosai, amma in OneDrive ya haɗa Pictures da Desktop, to hotuna da bidiyo ma suna hawa, kuma gigabait 5 da ake bayarwa kyauta kan cika da wuri, saƙon neman a sayi ƙari ya fara fitowa.

A ƙasan allo kusa da agogo akwai alamar gajimare. Danna ta, ka danna alamar saiti, za ka ga Pause syncing, da zaɓin awa 2, 8 ko 24. Wannan na ɗan lokaci ne. Mai ɗorewa shi ne ka shiga saitin Windows, Network & internet, ka buɗe bayanan layin wayarka, ka kunna Metered connection. Da haka Windows ta san data ce ta kuɗi, OneDrive kuma yakan dakata da kansa a irin wannan layin.

In kana so ka raba Documents da OneDrive kwata-kwata, a saitin OneDrive ka shiga Sync and backup, sannan Manage backup, ka kashe foldojin da ba ka so. Yi hattara a nan. Bayan an kashe, sau da yawa foldar Documents takan bayyana wayam, mutum ya ɗauka komai ya tafi. Fayilolin suna cikin foldar OneDrive, kai ne za ka kwaso su ka dawo da su. Kafin ka fara, tabbatar duk sun sauka a kwamfutar, ba sunayensu kawai ba: danna foldar da maɓallin dama na maus, ka zaɓi "Always keep on this device", ka jira ya gama, ka kwafe su a filashi, sannan ka taɓa saitin.

Ga masu shagon buga takardu

Wannan ya wuce maganar sauƙaƙa aiki, maganar amana ce. Mutane suna kawo muku takardun gado, na kotu, na asibiti, na neman aiki. In wani ya taɓa shiga Word na kwamfutar shago da asusunsa bai fita ba, takardun kwastomomi na iya tafiya OneDrive ɗinsa, yana gida yana ganinsu a wayarsa. Danna File, Account, ka ga sunan wa ke wurin. In ba na shago ba ne, danna Sign out. Sannan lokaci-lokaci a buɗe Recover Unsaved Documents a goge abin da ya taru. Adireshin foldar AutoRecover yana rubuce a shafin Save. A kwafe shi a liƙa a saman kowace folda, a shiga a share ragowar da ke ciki bayan an rufe Word.

Sauran manhajoji

A Google Docs babu makunnin kashewa ko kaɗan, haka aka gina shi. Haka ma Word na cikin burauza. Don haka a nan kwafi kafin gyara ba zaɓi ba ne, ita ce hanya: a Google Docs, File, sannan Make a copy. In dubawa kawai za ka yi, a sama ta dama akwai alamar alƙalami. Sauya ta daga Editing zuwa Viewing, ko zuwa Suggesting in shawarar gyara za ka bayar. Tarihin takarda yana File, Version history, kuma a wurin kana iya ba wa siga suna, kamar "wanda aka tura wa malam", don kada ta nitse cikin ɗaruruwan ƙananan gyare-gyare. Malamin da ke raba wa ɗalibai fom ta WhatsApp zai ji daɗin wannan dabarar: a adireshin takardar, goge kalmar edit da duk abin da ke bayanta, ka rubuta copy. Duk wanda ya danna, za a nemi ya yi nasa kwafin, ba wanda zai taɓa na ainihi. Sai dai dole ka riga ka ba su izinin gani.

A Word na waya makunnin yana cikin jerin zaɓuɓɓukan fayil, a ɓangaren Save, kuma yana zuwa a kunne. A waya ne ma yatsa ya fi zamewa, don haka in karatu kawai za ka yi, kada ka danna alamar gyara.

LibreOffice Writer, wanda kyauta ne, ba ya rubutu a kan fayil ɗinka sai ka ce. Saitinsa yana Tools, Options, Load/Save, General. Bar AutoRecovery da alama. Akwatin da ke ƙasansa mai farawa da "Automatically save the document" shi ne wanda za ka bari babu alama. Yana kuma da File, Reload, wanda ke zubar da duk gyaran da ba a adana ba ya dawo da takardar yadda take.

A Mac, saitin Word yana Word, Preferences, Save. Pages da TextEdit kuwa suna adanawa da kansu tun 2011. In kana so su riƙa tambayarka, je System Settings, Desktop & Dock, ka kunna "Ask to keep changes when closing documents". Tsofaffin sigogi suna File, Revert To, Browse All Versions.

Gwada kafin ka dogara da shi

Kada ka bari sai ranar da takarda mai muhimmanci ke gabanka ka gano saitin bai zauna ba. Buɗe sabuwar takarda, rubuta layi ɗaya, ka adana ta a OneDrive da sunan gwaji, ka rufe. Sake buɗe ta ka dubi makunnin, ya kamata ya kasance a Off. In yana On, kashe shi, ka koma Options ka duba ko alamar ta dawo. Ƙara layi na biyu, ka jira minti ɗaya, ka rufe ka zaɓi Don't Save. In ka buɗe ka ga layi ɗaya kawai, AutoSave ya daina taɓa maka fayil.

Sai gwajin AutoRecover. Rubuta wani layin, kada ka adana, ka jira mintunan da ka saita su wuce da ɗan ƙari. Danna Ctrl, Shift da Esc, ka nemi Microsoft Word a jerin, ka danna End task. Wannan daidai yake da a ɗauke wuta. Buɗe Word. In ya nuna maka takardar a gefen hagu da layin nan a ciki, saitin ya yi. In bai nuna ba, koma shafin Save ka duba alamar da kuma adireshin foldar AutoRecover, domin wani lokaci yana nuni ne ga filashi ko wata folda da aka riga aka goge. Bayan duk wani babban sabuntawa na Office, ko in an sake wa kwamfutar Windows, a maimaita gwajin nan biyu.